Waken Baƙuwa

Wanda ya shiga ɗakin Gwaggo Mai Kwalabe karon farko zai ɗauka ya faɗa kantin maganin da mai shi ya daɗe da rasuwa. Katako uku ne a jikin bango, ɗanta Direba ne ya kafa mata su da hannunsa, shi ya sa biyu suka karkace tun a ranar. A kan katakon kwalabe ne a jere, talatin da huɗu. Akwai na maganin tari, akwai na man shafawa, akwai wata doguwa da ba wanda ya san abin da ta taɓa ɗauka. Kowacce an toshe bakinta da totuwar masara, an ɗaura mata tsumma a wuya. A ciki kuwa iri ne gauraye da toka saboda ƙwari: dawa, wake, gyaɗa, kuɓewa, kabewa. Gwaggo ba ta yi boko ba, ba ta kuma taɓa jin an bar ta a baya ba. Tsumman nan shi ne rubutunta, ko ido a rufe tana karanta shi da ɗan yatsa.

Kowane iri da mai shi, kuma masu shi duk sun riga mu gidan gaskiya. Jan tsumma dawar Gurgu ce, mutumin da ya haƙa rijiyar farko a ƙauyen, ya faɗa cikinta sau biyu kafin ruwa ya fito, faɗuwa ta biyun ce ta raɗa masa suna. Mai ɗigo-ɗigo gyaɗar Soja ce, wanda ya tafi yaƙi ya tarar an gama, ya dawo da gyaɗa cike da aljihu da labarin fagen fama da ya yi ta bayarwa har ƙarshen ransa. Shuɗin kuma kabewar Ungozoma, wadda ta karɓi haihuwar rabin ƙauyen ba ta taɓa yabon jariri ko ɗaya ba. Ƙauyen ba shi da littafi. Maƙabarta ba alama, damina biyu ta isa ta daidaita kabari da ƙasa. Mai hoto bai fara zuwa ba sai da waɗanda suka cancanci a ɗauka suka ƙare. Saboda haka tarihin garin kaf yana kan katako uku, biyu a karkace.

Iri ba tsakuwa ba ne. In ya wuce shekara uku a kwalba sai ya fara mutuwa a ciki, kuma Gwaggo ta fi kowa sanin haka, don ita ke yi wa mutane faɗa a kai. Duk damina takan sauko da kashi ɗaya cikin uku na kwalaben, ta shiga gayaunarta da ke jikin dangar gida, ta ware wa kowane mamaci layi guda. Tana shuka tana ba da labarin mai irin da ƙarfi, daga haihuwa har rasuwa, ba tsallake. Wanda ya zo taya ta aiki dole ya ji. Shi ya sa da ruwan shuka ya sauka sai jikokinta su tuna an ba su aikin makaranta, ciwon bayan surukarta ya motsa, motar Direba kuma ta samu lodi mai nisa. Ita ko a jikinta. Cewa take ba don su take faɗa ba, iri ne yake son a tuna masa ko shi na waye.

A faɗi gaskiya, Gwaggo ba muguwa ba ce. Za ta ba ka abincin bakinta, ta kwana uku tana jinyarka, ta cire zanen jikinta ta rufa maka. Amma ka roƙe ta iri, sai fuskarta ta rufe kamar ƙofar rumbu. Malamin gona ya taɓa zuwa har ɗaki da jakarsa da takardunsa, ya yi mata bayanin awa guda kan amfanin adana irin gargajiya, ya nemi ƙwara biyar-biyar. Ta saurare shi tsaf, ta ba shi ruwa mai sanyi, ta tambayi lafiyar mahaifiyarsa, ta raka shi bakin ƙofa.

A can ƙarshen katakon sama, wanda bai karkace ba, akwai wata ƙaramar kwalba mai tsumma baƙi da fari. Wannan ita ce waken Baƙuwa, kuma Baƙuwa ita ce mahaifiyar Gwaggo. Ta shigo ƙauyen a shekarar yunwa, a ƙasa, da 'yarta mai shekara biyar a hannu da ƙullin wake a bakin zane. Kwana goma sha ɗaya suna tafiya. Da yara biyu ta fito, da ɗaya ta iso, waken kuwa ko ƙwara bai ragu ba. In Gwaggo ta zo nan a labarin takan yi saurin cewa ai cikin tafin hannu ne kawai, ko an dafa ba zai ceci yaron ba, sai ta yi tari, ta ci gaba. Baƙuwa ta yi shekara arba'in a ƙauyen, ta yi aure, ta binne miji, ta rasu ana ce mata Baƙuwa. Ba ta bar hoto ba, ba ta bar gona ba, kabarinta ma yanzu ba mai iya nuna shi. Abin da ta bari shi ne guntun zanen nan da ke wuyan kwalba, da wani jan wake mai ratsin fari a gefe, mai nuna cikin kwana sittin tun sauran amfanin gona bai yi hankali ba.

A kan waken nan Gwaggo ta ɓata da Uwar Biyu, maƙwabciyarta kuma sa'arta, wadda suka tashi suna ɗibar ruwa tare, aure kuma ya ajiye su danga ɗaya. Shekara ashirin da shida ke nan Uwar Biyu ta leƙo ta saman danga ta ce a ba ta ƙwara bakwai.

"Ko ɗaya," in ji Gwaggo.

"Bakwai fa na ce, ba buhu ba."

"Na ji ki sarai."

Da waken ya bushe a gayauna, Gwaggo ta fito wata safiya ta ga hannu ya zuro ta ƙasan danga yana tsinka a hankali. Ta san hannun, yana da tabon ƙunar da aka yi tana wurin. Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya sai da hannun ya gama ya koma, sannan ta ce, "Ba zai tsiro miki ba." Daga ranar magana ta yanke. Abu uku kaɗai ke kai ɗaya gidan ɗaya: haihuwa, rasuwa, gobara. Duk damina Gwaggo takan ɗan yi ɗage ta leƙa gayaunar Uwar Biyu, ta ga babu jan wake, ta koma ɗaki da kwanciyar hankalin wanda bakinsa ya kama.

Shekara takwas da suka wuce akuya ta shiga layin Baƙuwa ta yi masa kaca-kaca. Gwaggo ta so ƙwarai a ce akuyar Uwar Biyu ce, sai dai tata ce, da igiyar da ita ta ɗaura mata a wuya. Ta durƙusa ta tsince abin da ya rage, ƙwara arba'in da ɗaya. Ta zuba su a kwalba, ta ƙara toka, ta danna totuwa, tsoro kuma ya shige ta. Da lokacinsa ya zagayo ta sauko da kwalbar, ta girgiza ta a kunne, ta ba ta labarin daga farko har ƙarshe, ta mayar. Ta ce ruwan bana bai kwanta mata ba. Baɗi ta ce ɓera ya yi yawa. Wata shekarar ta ce dangar ta tsufa. Haka ta yi ta yi, tana yi wa matan ƙauye faɗa kan ajiye iri ya wuce shekara uku, nata yana shiga ta takwas. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Faɗuwar da ta yi a bakin famfo ce ta farkar da ita. Ta kwana uku a kwance tana kallon katakon sama, ta lissafa cewa in ta cika a wannan kwanciyar, surukarta za ta wanke kwalbar ta zuba gishiri. Da ruwan shuka ya sauka ta ɗauki ƙwara goma ta shuka, ta ba su labari. Wake kwana uku yake yi ya fasa ƙasa. Aka yi uku, aka yi biyar, aka yi bakwai, layin yana nan sumul kamar an share. Ta tona da yatsa ta tarar sun ruɓe. Ta sake goma, suka bi sahun 'yan'uwansu. Ashirin da ɗayan da suka rage ta naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma ta sa a gindin randa, tana buɗewa safe da yamma. A rana ta biyar ba sai ta buɗe ba, wari ya gaya mata.

Ta zauna a bakin gado da tsumman a cinya. Ba akuya, ba ɓera, ba fari, ba ɓarawo. Ita ce da hannunta ta kashe shi da ajiya. Ta ji a ranta yau ne mahaifiyarta ta mutu, waccan ta farkon ashe tafiya ce kawai ta yi. Kunya ta hana ta gaya wa kowa. Ta binne tsumman a gayauna, ta mayar da kwalbar wurinta da toka zalla a ciki.

Sai ta daina magana. Kwana biyun farko gidan ya ji daɗi, na uku hankalin kowa ya tashi. Direba ya ɗauke ta a gaban mota ya kai ta asibitin birni. Likita ya auna nan ya auna can, bai ga komai ba, ya rubuta mata maganin ƙarin jini a wata kwalba mai kyau, mai faɗin baki. Gwaggo ko kallon kwalbar ba ta yi ba. A nan ne Direba ya tsorata da gaske.

A hanyar dawowa ya tsaya kasuwa zai ɗauki kaya, ya zaunar da ita a benci a rumfar masu hatsi. Tana zaune tana kallon ƙafafun mutane, sai idonta ya sauka a kan wani daro. Jan wake ne, mai ratsin fari a gefe, an tula shi har yana zuba ƙasa, kaza tana tsattsagar na ƙasan. Ta miƙa hannu ta ɗauki ƙwara ɗaya, ta juya ta, ta kai hanci.

"Ɗan nan, wannan waken fa?"

"Iya, waken marowaciya ke nan," in ji mai waken. "Kwana sittin ya nuna. Ba ya kwana a kasuwa."

"Wace marowaciyar?"

"Wai wata tsohuwa ce a wani ƙauye, ta ɓoye shi a kwalba, ko kaza ba ta yarda ta kalla ba. Sai wata baiwar Allah ta zura hannu ta danga ta tsinko. Yanzu ƙauye ya fi bakwai ana nomansa."

"Ita tsohuwar fa?"

"Ai ta daɗe da mutuwa. An ce da kwalbar aka binne ta."

"Allah ya jiƙanta," in ji Gwaggo.

"Amin. A auna miki nawa?"

"Kafin ita tsohuwar, wa ya kawo shi?"

Mai waken ya dube ta yana korar kaza da ƙafa. "Wa ya sani, Iya? Wake ne fa."

Ba ta saya ba. Ta mayar da ƙwarar cikin daro, don ba za ta sayi uwarta a kwanon awo ba. A mota sai da suka wuce gada sannan ta yi magana, idonta a kan hanya.

"Buhunan da ke baya na mene ne?"

Direba ya gyara madubin da ba abin da ya same shi. "Kaya ne, Gwaggo."

"Na ce na mene ne."

"Wake ne."

"Tun yaushe?"

"Tun ina yaron mota," in ji shi. "Kowa a gari yana noma shi, a gonakin hayin rafi, inda ba kya zuwa. An ce kada a gaya miki. Kin ma sha cinsa a gida, surfe shi ake yi don kada ki gane."

"Har da ku."

"Yana da daɗi, Gwaggo."

Washegari da hantsi ta yafa mayafi ta fita. Daga ƙofarta zuwa ta Uwar Biyu taku goma sha biyu ne. Ta tarar da ita a tsakar gida a kan tabarma, ta miƙe ƙafafun da suka daina yi mata biyayya, tana ɓarar gyaɗa. Uwar Biyu ta ɗago ta dube ta sama da ƙasa.

"Wa ya rasu?"

"Ba kowa."

"Gobara aka yi?"

"A'a."

"To, haihuwa dai na san ba ke ba ce. Zauna."

Gwaggo ta zauna a gefen tabarma. Ta ce, "Waken ya mutu."

"Na sani. Na ga kina tono da yatsa kamar mai neman allura." Uwar Biyu ta ja jiki zuwa ɗaki, aka ji tana janyo kwalla daga ƙarƙashin gado, ta dawo da kwalba a hannu. An toshe ta da totuwa, da toka a ciki, da tsumma a wuya. "Duk shekara nake sabunta shi a gonar 'yata. Ban taɓa bari ya tsallake damina ba."

Gwaggo ta dubi kwalbar. Amma ba ta zo godiya ba. "Kin saci wake kin yar da sunan. A kasuwa ba wanda ya san ta. Marowaciya suke cewa."

"Wannan sunan ba ni na raɗa ba, halinki ne ya raɗa. Ni in zan shuka, ga abin da nake faɗa."

Sai ta gyara zama ta fara. Shekarar yunwa, tafiyar kwana goma sha ɗaya, ƙulli a bakin zane, yara biyu da suka koma ɗaya. Kalma bayan kalma, yadda ta yi ta jin sa ta cikin danga shekara da shekaru. Da ta zo wurin yaron ta ce ai cikin tafin hannu ne kawai, ko an dafa ba zai cece shi ba, har tarin sai da ta yi. Gwaggo ta sunkuyar da kai, tana jiran a tsaya inda ita take tsayawa, wato ranar da Baƙuwa ta iso ta kwance ƙullin. Uwar Biyu ba ta tsaya ba.

"Da ta girbe shukarta ta farko, sai ta zuba a ƙwarya ta ɗora wa 'yarta, suka bi gari gida-gida. Kowane gida ƙwara bakwai. Ta ce ita ba ta da dangi a nan, to a samu abin da zai sa a riƙa kiran sunanta. Yarinyar kuwa duk ƙofar da aka tsaya sai ta fashe da kuka, don tana ganin waken yana raguwa. A ƙofar gidanmu har birgima ta yi. Ina tsaye a bayan babana ina kallo." Ta ɗauki gyaɗa ta ɓare. "Namu mun cinye a fari na biyu, kowa ma ya cinye, naku kaɗai ya tsira. Shi ya sa na ce bakwai. Na ɗauka za ki tuna."

Gwaggo ta tuna. Ba ta taɓa mantawa ba. Ta san nauyin ƙwaryar a kanta, ta san yadda take ta yin sauƙi suna tafiya, ta san abin da ya ba ta tsoro, domin ta ga abin da ke faruwa da mutum in ƙulli ya ƙare. Shekara hamsin tana yi wa jikoki da kaji alfaharin ba ta tsallake komai a labarin kowa, alhali ta yanke rabin na uwarta ta ɓoye. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba, Uwar Biyu kuma ta yi kamar gyaɗar gabanta ta fi komai muhimmanci a duniya.

Can ta zare totuwar, ta karkata kwalbar a tafin hannu, ta hure tokar, ta ƙirga.

"Bakwai na roƙa, bakwai zan ba ki."

"Ƙara ɗaya saboda ɓera."

"Ko ɗaya."

Shida suka fito a rana ta uku. Gwaggo ta kewaye su da ƙaya, ta sayar da akuya, ta ɗauko kujera 'yar tsugune ta tare a gayauna, tana yi wa kaji kallon da ya sa suka sauya hanya. Kwana sittin suka cika, ta tsinke, ta shanya, ta ɓare. Bai cika ƙaramar ƙwarya ba. Ta cika kwalbar mai tsumma baƙi da fari zuwa rabi, ta tsaya tana kallon sauran har rana ta karkata, sannan ta aika a gaya wa Uwar Biyu ta nemo sandarta.

Haka aka gan su da safe, tsofaffi biyu, ɗaya da sanda ɗaya da ƙwarya, suna tafiyar da kunkuru zai iya yi musu rakiya. Gidan farko na matar mai gyaran keke ne. Ta fito tana goge hannu a zani, ta durƙusa ta gaishe su, ta leƙa ƙwaryar.

"Gwaggo, ai wannan waken maro..." Ta kama bakinta. "Muna da shi buhu biyu a ɗaki."

"Na sani. Wannan waken Baƙuwa ne. Uwata ce. Kira yaranki su zo su ji, ke ma samu wuri ki zauna, da ɗan tsawo."

Ta ba da labarin a tsaye, daga farko har ƙarshe, har da yarinyar da ta yi birgima. Sannan ta sa hannu a ƙwarya ta ƙirgo bakwai, ta miƙa. Matar ta tara tafin hannu tana jira. Hannun Gwaggo yana sama da nata a dunƙule, jijiyoyin sun tashi, ba abin da ya faɗo.

"Buɗe hannun," in ji Uwar Biyu.

"Ina buɗewa."

"Ban ga alama ba."

Uwar Biyu ta jingina sandarta da bango, ta kama hannun da nata mai tabon ƙuna, ta ɗaga yatsun ɗaya bayan ɗaya. Waken ya zuba a tafin matar, bakwai cif. Gwaggo ta ja hanci, ta goge ido da bakin mayafi, ta dubi cikin ƙwaryar ta ga ya ragu.

"Saura gida nawa?" ta tambaya.

"Talatin da ɗaya. In za ki yi birgimar, ki bari sai mun zo inda ba taɓo."